A ba masu zayyana aiki tun alƙalami na hannunsu

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Tasawa da Mayahi rubutu ya girmi lakwal nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan Nasara, ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Abzin zuwa Katsina da Kano, yakan yada zango a Tasawa, kamar yadda Bajamushen nan Barth ya yi cikin watan Janairu na 1851. Cikin kayan da fatake ke shigowa da su ƙasar Hausa har da takardar Italiya mai tambarin wata uku. A kan irinta alarammomi suka riƙa rubuta Alƙur'ani da ka, izu sittin, warƙa-warƙa, a zuba cikin gafaka.

Wanda bai taɓa zama zauren mai rubutu ba sai ya zaci aikin zama ne kawai. Ina! Kafin a ɗiga baƙi ɗaya sai an fere alƙalami daga gamba ko kara, an tsaga bakinsa daidai kaurin da ake so. Tawadar allo daban take, gawayi ne da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda kuwa da ƴaƴan bagaruwa ake dafa ta, don ta kama har jikoki. In an gama baƙi, sai a komo da ja a sa wasali, a ɗiga rawaya ga hamza, kore ga alifin da ake sadarwa. Daga nan sai adon sumuni da rubu'i da kan izu, inda kowane gwani ke nuna hannunsa. Wannan ado shi ne ya fito daga littafi ya hau allon aduwa ya zama zayyana, wadda ake riƙa wa yaro ranar sauka, Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, dangi na ta barka.

To, injin ɗab'i ya shigo. Tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina cikin 1984, bugaggen Alƙur'ani ya wadata, sau da yawa ma kyauta ake raba shi. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma wa zai jira watanni, ya kuma biya kuɗin watanni? Yau akwai yaran da in an buɗa musu rubutun kakanninsu na ruwayar Warshu, mai ɗigon fa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisa, sai su yi turus kamar an miƙa musu harshen wata ƙasa.

Shi ya sa waɗansu samarin da suka gāji alƙalami suka shiga koyon sabbin dabaru. In an kare aikin gona, sai su zauna da kwali da fenti da alƙaluman launi na kanti. Wani ya zana zayyana bisa takarda a sa ta cikin gilashi, wani ya rubuta sunan jariri ko na amarya, wani ya koyi baƙaƙen boko yana rubuta allunan shaguna. Akwai masu kallon salon Masar da na Turkiyya cikin wayar salula suna kwaikwayo. Dattawa da yawa ba su so. Suna cewa alƙalamin da ya rubuta aya bai kamata ya rubuta tallar shinkafa ba, kuma launin kanti yana kashe haƙurin da tawada ke koyarwa.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Sabon abu bai taɓa kashe wannan sana'a ba. A Kano, Sharif Bala Gabari bai yi gaba da inji ba: da hannunsa ya rubuta, aka ɗauki hoton rubutun aka buga, har ya shiga kasuwannin da ƙafarsa ba ta taka ba. Abin tsoro shi ne saurayi ya iya salon Istanbul bai iya na gidansu ba, ya san farashin fenti bai san dahuwar bagaruwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A fara da hannun gida, in ya zauna, a ɗora abin da aka ga dama.

Saura hukuma. Cikin 2021 hukumar UNESCO ta sa rubutun Larabci na hannu cikin gadon duniya bisa roƙon ƙasashe 16, har da Muritaniya da Sudan. Nijar ba ta ciki, alhali a Yamai, a cibiyar IRSH, akwai dubban littattafan hannu waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Ana adana aikin matattu, masu rai kuwa ba a ko san yawansu ba. In ana lissafin masu sana'ar hannu, dukawa da maƙera da masaƙa ake tunawa, mai rubutu sai a ce ai malami ne, sadaka ta ishe shi.

Ba sadaka yake bukata ba, aiki yake so. Ma'aikatar yaƙi da jahilci tana koyar da boko tun shekarun 1960, amma cikin ƙauyukan Mayahi da Tasawa akwai magidanta masu karanta ajami sarai, waɗanda ake ƙidaya su cikin jahilai. Sanarwar rigakafi, da ta takin zamani, da ta takardar haihuwa, me zai hana a ba masu zayyana su rubuta su, boko a dama, ajami a hagu, a biya su ladansu, a liƙa a kasuwa da bakin asibiti? Idon da ya saba da wannan hannu tun makarantar allo ba ya wuce shi bai tsaya ba. Takardar shaidar da ake ba waɗanda suka ƙare ajin manya ita ma ta cancanci zayyana a gefenta.

Magadan gari da sarakuna su za su fara, don ba aikin da ke jiran kuɗin waje ba ne. Bayan girbi, lokacin da azuzuwan manya ke buɗewa, a aika malaman yaƙi da jahilci su bi zaure-zaure, su rubuta sunan kowane mai rubutu, da wanda ya koya masa, da almajiran da ke gabansa, da yadda yake dafa tawadarsa.