Juji Ma Gona Ne

Bahaushe ya ce babba juji ne, wato mai haƙurin karɓar duk abin da aka zuba masa. Mu manazarta mun tsaya ga karɓar, mun manta da abin da juji ke mayarwa. A Limawa da sauran tsofaffin unguwannin Dutse, da damina ta kankama, kabewa da duma da kuɓewa kan yi yabanya a kan tsibin toka da ƙaiƙayi da kashin awaki, domin ruɓaɓɓen tsibi yana riƙe laima, ga kuma taki. Jamusawa ma suna shuka a kan tulin itace da ganye, har dabararsu ta shiga littattafai, tamu kuwa tana bakin tsofaffi.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 gari ke bunƙasa, leda da matattun batura suna cakuɗuwa da shara, jujin da ke ciyarwa yana neman zama guba. A ganina, haƙƙinmu ne mu tattara kalmomi da hikimar wannan noma daga bakin dattijan mata, tun kafin juji ya koma bola kawai.