Fim Ɗin Tsafi a Wayar Ɗanka: A Bari Ko a Goge?

Wani magidanci mai sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi ya aiko min da tambaya. Ya tsinci fim ɗin ban tsoro mai suna Midsommar a wayar ɗansa ɗan shekara 15, wanda masu tura finafinai suka zuba masa. Ya ga mutane cikin fararen kaya suna ta tsafe-tsafe, hankalinsa ya tashi. Ya ce, "Anya wannan ba zai taɓa imanin yaro ba?"

Alhaji, na fahimci damuwarka, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Yaron cikin birni ya ji labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala tun yana firamare. Yana ratsa rumfunan masu magani a Kurmi, yana ganin layu da guraye. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, babu irin mutanen da ba ta gani ba. Jin labarin tsafi daban, yin tsafi daban.

Abin dubawa shi ne me fim ɗin yake nunawa. Ya fito a 2019, Ari Aster ne ya ba da umarni. Labarin wasu ɗalibai ne daga Amurka da suka je bikin gargajiya a wani ƙauye a Suwidin. Da kisan kai ya buɗe: wata yarinya ta halaka kanta da iyayenta. Can gaba tsofaffi biyu suka faɗo daga kan dutse da gangan, da rana tsaka, ana nuna komai, jama'ar ƙauyen na kallo kamar abin alheri. Ga shan kayan maye, ga tsiraici. A Ingila, inda ba a ɗauki tsafin cikinsa a bakin komai ba, sai ɗan shekara 18 aka yarda ya kalla. To ina ga namu ɗan 15? A goge shi.

Tsoron kansa bai cika damuna ba. Zuciya ta buga, a yi mugun mafarki kwana biyu, ya wuce. Wanda nake ji wa shi ne yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko wanda dama ya cika shiru da keɓe kansa. Irin wannan, ganin an ƙawata kashe kai ba ƙaramin haɗari ba ne gare shi, balle yana kallo shi kaɗai cikin dare, da abin ji a kunne. Idan aka haura mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya fara zancen mutuwa, a kai shi asibiti. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Kada a dogara da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a nan. Abin da ake turawa daga waya zuwa waya ba ya bi ta teburinta.

Wajen gogewar kuma, Alhaji, ban da fizge waya a gaban yaran shago. Ka bari sai kun koma gida, ka tambaye shi ko ya riga ya kalla, da wurin da ya fi tsaya masa a rai. Ka bar shi ya gama magana kafin ka ce komai.