Begen Zamanin Soul Da Pop: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A 'yan shekarun nan mutuwa ta yi ta yi wa manyan mawaƙan Amurka baƙar fata ɗauki ɗai-ɗai, wato waɗanda suka riƙe kunnen duniya daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Aretha Franklin ta kwanta dama a 2018, Tina Turner a 2023, Quincy Jones a watan Nuwamba na 2024 yana da shekara 91, sai Roberta Flack da Sly Stone a 2025. Duk sa'ad da aka sanar da irin wannan rashi, kalamai iri ɗaya ne ke fitowa daga bakin masu ta'aziyya: wai zamanin zinare ya shuɗe, an daina waƙa, abin da ya rage sai hayaniya. Ina cikin waɗanda wannan kiɗa ke motsa wa rai, ko da yake ni da tsararrakina wutsiyar zamanin muka tarar a kaset-kaset na yayyenmu. Amma Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, saboda haka ya dace mu tsaya mu tambayi kanmu: wace bara ce muke tunawa, kuma wa ke cin ribar tunawar tamu?

Bari in fara daga fagen da na fi sani, wato harshe. Kalmar da Turawa ke kiran wannan yanayi da ita, nostalgia, wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688, ta hanyar haɗa kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da raɗaɗi. A lokacin ciwo ake ɗaukar abin, irin wanda ke kama sojojin haya 'yan Suwizalan idan sun daɗe a ƙasar wasu, kuma maganinsa a bar majiyyaci ya koma garinsu. Sannu a hankali ma'anar ta tashi daga kewar wuri ta koma begen lokaci. To, wuri dai ana iya komawa, amma lokaci ba shi da tasha ba shi da mota. A wannan giɓi ne ɗan kasuwa ke kafa rumfa, ya ce yana da tikitin komawa.

Haka kuma tunanin ɗan Adam rariya ne. A kowace shekara ta wancan zamani dubban faya-fayai aka riƙa fitarwa, mafi yawansu sun mutu tun kafin shekara ta zagayo, kuma ba wanda ke tuna su a yau. Abin da ya iso gare mu shi ne tsabar da aka sheƙe aka bakace na tsawon shekara hamsin. Idan muka ɗauki wannan tsaba muka gwada ta da abin da aka fitar a makon jiya, da ƙaiƙayinsa da tsakuwarsa, ba mu yi wa yaran yanzu adalci ba. Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe da lura cewa abubuwan da mutum ya gamu da su tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa su suka fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa. Ke nan wani ɓangare na abin da muke kira zamanin zinare ƙuruciyarmu ce kawai muke wa kirari.

Duk da haka ba zan ce ƙuruciya ce kaɗai ba. Akwai abin a yaba a wancan kiɗa, kuma yana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa. Na farko shi ne majami'ar baƙar fata, wadda ta kasance makarantar horar da murya. Sam Cooke daga ƙungiyar waƙoƙin coci ya fito, Aretha Franklin 'yar wani shahararren fasto ce a birnin Detroit, Marvin Gaye shi ma ɗan mai wa'azi ne. Na biyu shi ne tsari. Berry Gordy ya kafa kamfanin da ya zama Motown a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsu, bayan ya yi aiki a masana'antar harhaɗa motoci, kuma tsarin masana'antar ya kwaso ya kawo fagen waƙa. Akwai masu rubuta waƙa, akwai makaɗan gida da ke zaune a ɗakin ɗaukar sauti kullum, akwai Cholly Atkins mai koyar da taku, akwai Maxine Powell mai koyar da ladabin tsayuwa da magana a gaban jama'a, sa'an nan duk ranar Juma'a ana zaman tantancewa, inda waƙar da ba ta kai ba ake mayar da ita baya. A Memphis kuwa, kamfanin Stax ya zauna a wani tsohon gidan silima, inda makaɗa baƙaƙe da farare na ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s ke kiɗa tare a cikin garin da ba a yarda su zauna teburi ɗaya a gidan abinci ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu bege ke yawan tsallakewa. Ga mutanen da suka yi waƙoƙin, zamanin na baƙin ciki ne da fargaba. Tarihin sunan kiɗan kansa ya isa shaida. Mujallar Billboard, wadda ke jera waƙoƙin da suka fi kasuwa, ta riƙa kiran jerin baƙar fata da sunan faya-fayan launin fata har zuwa 1949, sa'an nan ta koma rhythm and blues, a 1969 ta ce soul, wato ruhi, a 1982 kuma ta ce na baƙaƙe kai tsaye. Sunan ya yi ta canzawa, amma katangar ba ta gusa ba: pop na kowa ne, wancan kuwa na wasu ne. A 1963 wani otal a Shreveport ya ƙi saukar da Sam Cooke saboda launinsa, duk da shahararsa, kuma wannan wulakanci na cikin abin da ya haifar da waƙarsa ta neman sauyi da ta fito a 1964. A watan Yuli na 1967 tarzoma ta ci rayuka 43 a Detroit, garin Motown. A ranar 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King a masaukin Lorraine na Memphis, inda mawaƙan Stax suka saba zama suna hira da rubuta waƙa. Hatta tashar MTV da aka buɗe a 1981 ba kasafai take nuna baƙar fata ba, sai da Michael Jackson ya fasa ƙofar a 1983 da waƙoƙin kundinsa na Thriller. Zaƙin da muke ji a waɗannan muryoyi daga cikin wannan ɗaci aka tatso shi.

Sai kuma batun kuɗi, inda karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta yi daidai. Makaɗan gidan Motown, waɗanda ake kira Funk Brothers, sun kaɗa wa kusan dukkan taurarin kamfanin, amma ba a fara rubuta sunayensu a jikin faifai ba sai a kundin Marvin Gaye na 1971. A shekara mai bi kamfanin ya kwashe ya koma Los Angeles, da yawansu aka bar su a Detroit. Florence Ballard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Supremes, ta mutu a 1976 tana da shekara 32, bayan talauci ya kai ta ga karɓar tallafin gwamnati. Shi kuwa Gordy ya sayar da Motown a 1988 kan dala miliyan 61. Stax ma bai tsira ba: watanni kaɗan bayan Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disamba 1967 yana da shekara 26, sai masu kamfanin suka gano cewa wata yarjejeniya da suka sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa kamfanin Atlantic asalin faya-fayansu. Stax ya karye a 1975. Har ila yau, a dokar Amurka gidajen rediyo na AM da FM marubucin waƙa suke biya, ba su biyan wanda ya rera. Don haka duk dubban lokutan da aka sa Respect a rediyon ƙasar tun 1967, kuɗin ba aljihun Aretha Franklin suka shiga ba, domin Otis Redding ne ya rubuta ta. Faya-fayan da aka ɗauka kafin 1972 kuwa ba su sami kariyar dokar tarayya ba sai a 2018, lokacin da yawancin masu su sun riga sun shiga kushewa.

To yau fa? Yau begen nan ya zama haja mai tsada. A 2021 Tina Turner ta sayar wa kamfanin BMG haƙƙoƙin waƙoƙinta, a shekarar ce kuma kamfanin Primary Wave ya sayi dukiyar waƙoƙin James Brown. A 2024 rahotanni suka nuna cewa Sony ya biya aƙalla dala miliyan 600 don mallakar rabin na Michael Jackson. A 2022 faifan garmaho ya fi faifan CD yawan ciniki a Amurka, karo na farko tun 1987. Masu zuba jari sun gane cewa tsohuwar waƙa kamar gidan haya take, duk wata tana kawo kuɗi daga manhajojin sauraro da tallace-tallace da fina-finai, ba ta rashin lafiya, ba ta neman ƙarin kaso. Ana yawan kafa hujja da alƙaluman kamfanin Luminate cewa a 2023 tsofaffin waƙoƙi sun haura kashi 70 cikin 100 na abin da Amurkawa suka saurara. A nan ma sai mai karatu ya lura da wasan kalma, domin a ma'aunin nasu duk waƙar da ta wuce wata 18 tsohuwa ce. Da irin wannan ma'auni, waƙar bara waccan da ta 1965 ɗaki ɗaya aka zuba su, aka kuma ce mana duniya ta juya wa sabo baya.

Wani zai ce ai wannan ciniki ne na halas, magada suna amfana, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Na yarda da rabin maganar. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake zubawa wajen sayen jiya, su ne ba a zubawa wajen renon gobe. Wancan zamani da haƙuri aka gina shi. Motown ya ɗauki Stevie Wonder a 1961 yana ɗan shekara 11. Supremes sun shafe shekara uku suna fitar da faya-fayan da ba su yi kasuwa ba kafin su kai matsayi na ɗaya a 1964. Aretha Franklin ta yi shekara shida a kamfanin Columbia ana lalube, kafin ta koma Atlantic ta sami muryarta. Wane kamfani ne a yau zai jira matashi shekara shida, alhali yana iya sayen waƙoƙin mamaci waɗanda ribarsu ba ta da shakka? Basira ba ta ƙare ba. Amy Winehouse a 2006, da Bruno Mars da Anderson .Paak a 2021, sun nuna cewa akwai masu iya taɓa wancan salo su burge. Masu reno ne suka yi ƙaranci.

Mu a Afirka ta Yamma muna da misalin yadda ake sarrafa irin wannan ƙauna ta haifi ɗa mai ido. Geraldo Pino ɗan Saliyo ya girgiza Legas da salon James Brown a shekarun 1960, James Brown ɗin da kansa ya zo Nijeriya a ƙarshen 1970, a ranar 6 ga Maris 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a babban birnin Gana tare da Wilson Pickett da Roberta Flack da Ike da Tina Turner, sa'an nan Stevie Wonder ya halarci bikin FESTAC a 1977. Matasan lokacin sun ji alfahari da launin fatarsu a cikin kiɗan, sun tara suma, sun sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Da yawa sun tsaya a kwaikwayo, kuma an manta da su. Fela Kuti kuwa, bayan zamansa a Amurka a 1969, ya ɗauki abin da ya ɗauka ya gauraya da na gida, ya fito da kiɗan da yau Amurkawan da kansu ke nazari.

Saboda haka, a nawa ganin, begen da ya tsaya a zagin yaran zamani da sayen tsohon faifai a sabon kwali, aljihun gardi kawai yake cikawa. Begen da ke da amfani shi ne wanda zai sa mu san sunan mai ganga da mai jita da suka yi aikin, mu goyi bayan a biya su ko 'ya'yansu haƙƙinsu, mu kuma damu da adana abin da suka bari. An rushe ginin Stax a 1989, sai a 2003 aka gina gidan tarihi a gurbinsa. A 2008 gobara ta cinye wani rumbun asalin faya-fayai na kamfanin Universal, kuma duniya ba ta san girman asarar ba sai a 2019. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da kuɗi da ma'adanai, to ya kamata duk mai kishin waƙoƙin magabatansa, a ko'ina yake, ya tambayi inda nasu faya-fayan suke kwance da wanda ke riƙe da makullin. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya kwaikwayon muryar mamaci ta sa shi rera abin da bai taɓa rerawa ba, kuma na tabbata za a tallata mana wannan da sunan dawo da zamanin zinare. Ranar da aka kawo mana wannan tallar, sai mu tuna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuma tambayi wanda zai karɓi kuɗin. Allah Ya sa mu gane.