Ku Rubuta Labarin Garinku, Ku Zana Shi

Ya ku yara, aikina zagayen makarantu ne. Wata rana na shiga wani aji a birnin Kano, na tambayi sunan babban birnin Ingila. Kowa ya ɗaga hannu. Sa'an nan na ce, "To, wane sarki ya fara gina ganuwar da kuke wucewa ta gefenta kowace safiya?" Sai aji ya yi tsit. Abin nan ya dame ni ƙwarai. Sanin ƙasashen nesa abu ne mai kyau, amma bai kamata yaro ya zama baƙo a garinsu ba. Saboda haka ra'ayina shi ne, kowane ɗan makaranta ya rubuta labarin garinsu da hannunsa, ya kuma zana abubuwan tarihin da ke cikinsa.

Dalili na farko, gini ba ya dawwama. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi zamani daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma ganuwar nan ta ƙasa ce. Ruwan sama ya zaizaye ta, mutane sun ɗebi ƙasarta, wasu sun yi gidaje a kanta, har a wurare da yawa ba a ganin alamarta. Abin da ya rage, in ba a zana shi ba, jikokinku sai dai su ji a baki.

Ku duba abin da wani baƙo ya yi. Cikin 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya zo Kano. Ya hau Dutsen Dala, ya zana birnin kamar yadda ya hango shi. Har yanzu zanen nan yana cikin littafinsa, masu bincike suna dubawa. In mutum ya ƙetare hamada ya yi wannan aiki, mu 'yan gari mene ne hanzarinmu?

Dalili na biyu, tsofaffi ba sa dawwama. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo. Ba ta iya karatun boko ba. Cikin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta: yadda ake aure da suna a da, yadda mahara ke kama mutane, da yadda Turawa suka zo. Baba ta rasu cikin 1951, aka buga littafin cikin 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk labarin nan ya tafi da ita. To, gidaje da yawa akwai irin wannan kaka, sai dai ba wanda ya zauna gabanta da alƙalami.

Wasu iyaye sukan ce zane wasa ne, tambayar tsofaffi kuwa ɓata lokaci ne, gara yaro ya yi ta shirin jarrabawa. Ina ganin girmansu, amma ban yarda ba. Yaron da ya auna faɗin ƙofar gari da taku kafin ya zana ta, lissafi ya yi. Yarinyar da ta je Ƙofar Mata ta tambayi marina yadda ake haɗa baba da toka, ta dawo ta rubuta daki daki, ta koyi tsara magana. Ai waɗannan su ne abubuwan da ake nema a jarrabawa.

Amma akwai sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, ku faɗi gaskiya. Kada ku ƙara gishiri don garinku ya yi suna. In dattawa biyu suka saɓa, ku rubuta abin da kowannensu ya faɗa. Na biyu, kada son garinku ya sa ku raina na wani. Daura tana da rijiyar Kusugu, Katsina tana da hasumiyar Gobarau, Argungu tana da bikin kamun kifi. Ƙaramin ƙauye ma yana da tsohuwar kuka ko rijiya mai labari. Abokinku na aji wanda iyayensa suka zo daga wata ƙasa, shi ma ku saurari nasa.

To, ga abin da za ku yi. Ku sami littafin rubutu guda. Da maraice ku je wurin kaka, ku durƙusa ku gaishe ta da ladabi, ku ce, "Kaka, don Allah wa ya kafa unguwar nan? Me ya sa aka ba ta wannan suna?" Ku rubuta amsarta, ku sa kwanan wata. Ku zana ƙofar gari, ko dagin da ke jikin soro, ko adon da ke kan ƙwarya. Ku kai wa malam ya gyara, a manna a bangon aji, a gayyaci iyaye su gani.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ku ɗebi taku tun masu ita suna da rai.