Ku Daina Sayen Kyamara Saboda Megafiksel!

Jama'a, ana cutar ku a kasuwa. Mai shago ya ce "wannan ta fi megafiksel", sai ka zuba duk kuɗinka a jikin kyamara, ka tsaya da lens ɗin 18-55mm da ke zuwa da ita. Daren biki hoton amarya ya fito dishi-dishi, ka ɗora wa kyamara laifi.

Malam, lens ne matsalar! Sayi Canon 600D ko Nikon D3300 ta hannu, ragowar kuɗin ka sa a lens 50mm f/1.8. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na f/5.6 ɗin wancan. In Nikon ka ɗauka, nemi lens mai AF-S, shi ne zai yi fokus da kansa.