Kafin a ɗaga ƙarfen farko

A shekarar 2000 ne Greg Glassman, wanda ya yi wasan alkafura a ƙuruciyarsa, ya kafa CrossFit a jihar Kalifoniya ta Amurka. Dabararsa ba ta da wuyar faɗa: a haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da motsin 'yan alkafura, a riƙa sauya su kullum, a kuma yi su da sauri yayin da agogo ke ƙirgawa. Motsin da aka zaɓa irin na rayuwa ne, wato tsugunawa, ɗaukar kaya daga ƙasa, ɗora shi bisa kai, ja da turawa. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dako yana sauke buhunan masara ya riga ya ga rabin manhajar.

Abin da ke jan ma'aikacin ofis zuwa wannan salo shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Aji uku na awa guda-guda kan iya biyan bashin nan duka biyu. Ga kuma jama'a: wanda ya san za a tambayi dalilin rashin zuwansa jiya ya fi wuyar ja da baya fiye da wanda ke taka injin gudu shi kaɗai. Wannan riba ce ta gaske, kuma masu raina ta galibi ba su taɓa riƙe wani atisaye na wata uku a jere ba.

Sai dai agogon da ke kawo ribar shi ne kuma ke kawo haɗarin. A yawancin waɗannan wurare akwai allo da ake rubuta sunan kowa da lokacin da ya gama. Misali shi ne atisayen da ake kira Murph, wanda aka raɗa wa sunan Laftanar Michael Murphy, sojan Amurka da aka kashe a Afganistan a 2005: gudun mil ɗaya, jan jiki sama a kan sanda sau 100, kifa ciki a ɗago da hannuwa sau 200, tsuguno sau 300, sannan wani mil ɗin. Mutum mai hankali, idan shi kaɗai ne, zai tsaya lokacin da hannuwansa suka fara rawa. A gaban mutum ashirin da ke masa tafi, ba zai tsaya ba.

A nan ne ake gamuwa da rabdomayolisis, wato rugujewar tsoka. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta, ƙwayoyinta kan fashe su zubar da wani sinadari mai suna mayogulobin cikin jini, shi kuma ya je ya cutar da ƙoda. Alamunsa ciwon tsoka ne da ya wuce na gajiya, da kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka asibiti ya kamata ya nufa a ranar, kuma ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, domin suna ƙara wa ƙodar nauyi. Abin mamaki, ba ragon da bai taɓa motsa jiki ba ne ya fi shiga tarkon, don shi numfashinsa kan tsayar da shi tun da wuri. Tsohon ɗan ƙwallo ne, wanda ya shekara goma a kan kujera, amma zuciyarsa ke raya masa cewa har yanzu shi ne na jiya.

Akwai batun da ya shafi mai karatun Hausa kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da jini nau'in AS, kuma da yawa ba sa tuna shi sai ranar gwajin aure. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000 ya gano cewa masu AS sun fi sauran fuskantar rugujewar tsoka da kimanin rabi, ko da yake ba su fi su mutuwa ba. Ke nan AS ba ta haramta wa kowa atisaye. Abin da take nema shi ne a hau a hankali, a sha ruwa, a huta tsakanin zagaye. Mai AS da ya shiga gasa da agogo a zafin watan Afrilu, ko da yammacin azumi kafin buɗa baki, ya tara wa ƙodarsa abokan gaba uku a lokaci guda.

Saboda haka koci ya fi suna muhimmanci. Takardar shaidar matakin farko ta CrossFit kwas ne na kwana biyu, don haka sunan da ke kan ƙofa bai ce komai ba game da wanda ke ciki. Kocin kirki kan tambayi sabon zuwa hawan jininsa da tsohon rauninsa kafin ya karɓi kuɗinsa. Yakan koya masa motsi da sandar da ba ta da nauyi, ya kuma rage masa kaya ba tare da ya kunyata shi ba. Kafaɗa da ƙasan baya su ne suka fi jin rauni a wannan salo, kuma sau da yawa raunin kan zo ne a zagayen ƙarshe, lokacin da gajiya ta lalata tsayuwa, kocin kuma ya ci gaba da ihun a ƙara.

To, wa ya dace da shi? Wanda injinan motsa jiki suka gundura, wanda ke buƙatar jama'a kafin ya dage, kuma zai iya ɗaukar ƙarfe mafi sauƙi a ajin, sunansa ya zo ƙarshe a allo, ya koma gida ya yi barcinsa. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai jin ciwon ƙirji idan ya hau bene, likita zai fara gani. Wanda ya daɗe a zaune kuwa, wata biyu na tafiya da sauri da tsuguno a tsakar gida ba za su rage masa komai ba. Idan ya shiga daga baya, ranar da aka rubuta Murph a allo, ya nemi a ba shi kashi ɗaya cikin huɗu.