Akwatin kwamfuta ba kayan ɗakin amarya ba ne

Iyaye da 'yan'uwana malamai, wata ɓarnar kuɗi ta fara shigo mana gida, mu kuma mun zuba ido don muna ganin harkar yara ce. Samarinmu daga Bazaga har Ƙonni, Malbaza da Illela sun rungumi sana'ar haɗa bidiyon aure da na suna da na wa'azi, wasu kuma suna buɗe ɗakin wasannin kwamfuta. Sana'a ce ta halal, kuma ta fi zaman kashe wando. Sai dai in an zo haɗa na'urar, yaro ya kafe a kan akwatin da aka rufe gabansa da gilashi, fitilu ja da shuɗi suna walƙiya a ciki. Uba ya sayar da rago ko buhunan albasa ya biya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Kwamfutar da ke haɗa bidiyo ko wasa mai nauyi tana iya cin wat 300 zuwa 500, kuma kusan duk wannan wutar zafi take komawa. Kamar an kunna ƙaramin dutsen guga ne a cikin akwati. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki kawai take turawa ciki ta kwaso zafin ta fitar. Manyan kamfanonin da ke ƙera kwamfuta sukan rubuta cewa a yi aiki da ita a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da azahar. Ƙwaƙwalwar na'urar idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ka biya kuɗin doki, an ba ka tafiyar jaki.

Laifin farko na bidiyoyin talla ne da yaranmu ke kallo a YouTube. Mai yabon akwatin gilashi yana zaune a Jamus ko Kanada, ɗakinsa bai wuce digiri 22 ba. Shi yana da rarar kusan digiri 20 da mu ba mu da ita. Laifi na biyu na mai shago ne, wanda ya san garin da kayan za su je amma ya miƙa abin da ya fi kawo riba. Na uku namu ne, da ba ma tambaya.

Za a ce mini ai ana son na'ura mai shiru, shi ya sa ake zaɓen akwati rufaffe, wani ma an liƙa masa soso a ciki don ya shanye ƙara. Mai gyaran sauti yana buƙatar shiru, ban musa ba. Amma a ƙasar zafi toshe akwati ƙara yake haifarwa: da zarar ciki ya ɗumama, fankokin sai su ƙure gudu suna kuka kamar injin niƙa. Shiru na gaskiya yana zuwa ne daga akwati mai raga a gaba da manyan fankoki masu milimita 120 ko 140. Babbar fanka tana tura iska mai yawa a hankali, ƙarama kuwa sai ta yi ta ihu kafin ta kamo ta.

Wasu za su ce a sa na'urar sanyaya ɗaki a huta. Da wace wutar? Ba mu manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Nijeriya ta yanke layukan da ke ba Nijar lantarki tun farkon Agusta, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Ko a lokacin da komai ke lafiya, a bazara ne wuta ta fi ɗaukewa. Mai aiki da hasken rana ko ƙaramin janareto bai da ƙarfin jan kwamfuta da na'urar sanyi a tare. Masu tallar sanyaya ƙwaƙwalwa da ruwa su ma su dakata: ruwan nan iskar ɗaki ce dai ke huce shi, kuma ranar da famfonsa ya mutu sai an aika Yamai, Sakkwato ko Kano neman wani. Fanka kuwa ko a Ƙonni an canza ta.

Sai ƙura, wadda ta fi zafi yin kisan mummuƙe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina, ya kwanta a kan ƙarfen da ke kwashe zafi kamar bargo. Maganinsa a nemi akwati mai matacin ƙura da ake zarewa a wanke, sannan fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa. Ta haka iska ke fita ta ƙananan kafofi, ƙura ba ta samun hanyar shiga ta nan. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan tebur, a bar masa sarari tsakaninsa da bango. A hunturu a riƙa wanke matacin kowane mako biyu, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. In za a hure cikin, a kashe wuta tukuna, a riƙe fiffiken fanka da yatsa.

Makarantu ma ba su tsira ba. Na ga ofishin makaranta inda aka kulle kwamfuta a cikin kabad tana aiki saboda tsoron ɓarawo, na ga inda aka lulluɓe ta da zane wai don ƙura alhali a kunne take. Duka biyun shaƙe ta ake yi. Zane na bayan an kashe ne. Kwamitin kula da makaranta da ya tara gudummawar iyaye ya sayi na'ura, amana ce a wuyansa ya ɗora wa mutum ɗaya alhakin share ta, kamar yadda ake da mai riƙe makullin aji.

Don haka, ya kai uba, ba sai ka san harshen kwamfuta ba kafin ka tsare dukiyarka. In ɗanka ya kai ka shago, ka sa tafin hannunka a gaban akwatin. Ka tambayi mai kaya ta ina iska ke shiga, ta ina take fita, fanka nawa ce a ciki, kuma ya zare matacin ƙurar ka gani da idonka. In ya soma yi maka bayanin launin fitilu, ka mayar da kuɗinka aljihu ka gwada shago na gaba.